Wasiƙu Uku a Gwangwanin Biskit

Adelaide, 2 ga Oktoba

Kawu Leo,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Lachlan da 'yarmu Pia. Yaya ƙafa? Yaya tarin nan? Maƙwabciyarka Beryl ta ce ka daina sa na'urar ji, wai batir ya yi tsada. Jiya na kira ka sau huɗu, na san wayar tana ta kuka a gefenka kana shan shayinka. Shi ya sa na koma takarda. Ka ci nasara, tsohon akawu.

Mu lafiya lau, amma hankalina ba a kwance yake ba. Mun samu gidan da za mu saya a unguwar Salisbury, ɗaki uku da bishiyar lemon tsami a baya. Mun sa hannu bisa sharaɗin banki zai amince da rancenmu kafin 30 ga wata. In bai amince ba, gidan ya koma hannun wasu da ke jira. Mai gidan da muke haya kuma ya ce mu tashi ƙarshen Nuwamba.

Ranar Juma'a Mista Huynh, dillalin da ke nema mana rancen, ya kira ni. Ya ce banki ya duba rajistar bashi ya ga tabo a sunana: wai na ƙi biyan kuɗin lantarki, dala ɗari huɗu da goma sha biyu, shekara huɗu da suka wuce. Ni! Wadda ko tarar ɗakin karatu ba ta taɓa ci ba! Na bincika, ashe na ƙaramin gidanka na baya ne, inda na zauna lokacin da nake aikin jinya a garinku. Ka tuna mitarsa daban ce, kuma da sunana take. Da zan tashi na gaya wa kamfanin lantarkin sabon adireshina, ina da amsarsu a imel. Takardar biya ta ƙarshe ba ta taɓa zuwa min ba, na ɗauka an cire daga asusuna.

Sun ce sun aiko gargaɗi har sau uku kafin su sa sunana. Kawu, don Allah ka tuna: akwai wata wasiƙa da ta zo min can bayan na tafi? Wallahi duk wanda ya jawo min wannan, in na rasa gidan nan ba zan yafe masa ba.

Taka,
Renata

Port Pirie, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Renata, jikar Nunzia ƙanwar marigayiya matata Ignazia, wadda nake kira jikata ba tare da neman izinin kowa ba.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku duka uku. Wasiƙarki ta zo jiya da hantsi. Na karanta ta sau biyu, na farko don in fahimci rubutun, na biyu don in fahimci maganar. Da Sista Bernadetta da ta koya mana tafiyar tsutsa tana raye, da ta mayar da ke aji ɗaya.

Ƙafa tana nan yadda kika san ta. Daga kicin zuwa akwatin wasiƙu ina hutawa sau ɗaya a kan bencin Ignazia. Tari ya yi sauƙi tun da sanyi ya wuce. Masu kawo abincin tsofaffi suna zuwa Litinin da Alhamis, naman nasu kamar tafin takalmi. Na dasa tumatir shida, katantanwa ta ci biyu. Maganar na'urar ji kuwa, ba tsadar batir ba ce. In na sa ta, agogon bango kawai nake ji.

Na yi murna da labarin gida. Ni da Ignazia mun shekara tara muna haya kafin mu sayi wannan, don haka na san abin da ke ranki. A zamaninmu manajan banki yakan duba hannun mutum ne, ya tambayi limamin cocinsu, shi ke nan. Ban gane wannan rajista da ake rubuta sunan mutum a ciki ba tare da an kalle shi ido da ido ba.

Game da tambayarki. Shekara huɗu ba kwana huɗu ba ne, kuma ina da tamanin da shida. Takardu da yawa suna zuwa gidan nan, na masu sayar da tagogi, na masu neman ƙuri'a. Ki ba ni lokaci in duba.

Ina so in tambaye ki abu ɗaya. In aka biya kuɗin nan yau, magana ta ƙare ko? Ai bashi in an biya shi ya mutu.

Kada ki yi ta rantsuwa a kan mutumin da ba ki sani ba. Wataƙila ba da mugunta ya yi ba.

Kawunki,
Pantaleo Spadavecchia

Port Pirie, 9 ga Oktoba

Jikata Renata,

Ina gaisuwa. Ban jira amsarki ba domin ina da albishir, kuma a shekaruna ba a ajiye albishir.

An biya. Yau da safe na sa kwat ɗina na coci, Beryl ta kai ni gidan waya a motarta. Duk hanya tana tsiya: “Leo, wannan ado haka, aure za ka ƙara ne ban sani ba? In ni ce amaryar ka faɗa min in je in gyara gashi.” Na ce mata, “Ke da kika binne maza biyu? Ina son raina.” Ta yi dariya har ta kusa hawa kan shingen mutane.

Na biya ɗari huɗu da goma sha biyu, kuɗi hannu. Yarinyar da ke kan kantar karɓar kuɗi ta ce, “Baba, wannan takarda ta tsufa fa, bari mu ga ko na'ura za ta karɓa.” Ta karɓa. Na sa ta buga hatimi a kan rasit sau biyu, domin na farkon bai fito sosai ba. Ga rasit ɗin nan a ciki. Ki kai wa Mista Huynh, shi kuma ya kai wa banki su goge sunanki.

Kada ki yi maganar mayar min da kuɗin. Daga abin da na ware na jana'izata ne, kuma likita ya ce ba wannan watan ba.

Shekara talatin da takwas na yi ina riƙe littafin lokacin ma'aikata a masana'antar narka dalma. In aka biya abu, sai a ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro. Ban taɓa ganin layin da aka ja ya tashi ba. Yau na ci abincina duka, har da naman.

Kawunki,
Pantaleo

Adelaide, 12 ga Oktoba

Kawu,

Ina fatan kana lafiya. Pia tana mura, ni kuma ina aikin safe duk makon nan.

Na gode, amma wa ya aike ka? Wannan rajistar ba littafinka ba ne. In aka biya, ba sa gogewa, sai dai su rubuta “an biya” a gefe, tabon ya zauna har ya cika shekara biyar. Saura wata goma sha ɗaya. Gidan ba zai jira ni ko wata ɗaya ba. Hanya ɗaya ce tak: in nuna ba su bi ƙa'ida ba wajen sa sunana. Na riga na kai ƙara ofishin sauraron koke-koken lantarki. Yanzu ina tsoron kamfanin ya ce tun da an biya, ai mun amsa laifi ke nan. Mista Huynh da ya ga rasit ɗin, dafe kai kawai ya yi.

Sannan ga abin da ya tsaya min a rai. Ba a biya a gidan waya sai da takardar a hannu. Kai da kanka ka rubuta cewa yarinyar ta ce takardar ta tsufa. Wace takarda, Kawu? A ina ka same ta?

Kada ka ƙara taɓa komai. Ba zan sake rubutowa ba sai na san inda na tsaya.

Renata

Port Pirie, 16 ga Oktoba

Renata,

Ina gaishe ki, in kina karɓa. Allah ya ba Pia lafiya. Ki dafa mata ɓawon lemo da zuma yadda Nunzia take yi. Ni ba ni da abin faɗa game da jikina.

Garin gyaran gira na tsone miki ido. Yanzu kuma ranar wanka ta zo, ba a ɓoyon cibi.

Wasiƙu uku suka zo da sunanki. Ta farko mako biyu bayan kin tafi, ta biyu bayan wata biyu, ta uku tana da jan layi a goshi. Na ga tambarin kamfanin lantarki a kansu duka. Ban buɗe ba. An yi mana tarbiyya cewa wasiƙar wani kamar aljihunsa ce. Ignazia ta mutu ban taɓa buɗe tata ba, ko ta asibiti. Sai ranar Litinin da ta wuce na sa wuƙa na yanka ta ukun don in biya.

Amma kada in ɓuya a bayan tarbiyya. Ina da adireshinki. Kan sarki uku kawai za su ci. Abin da ya hana ni aikawa shi ne wannan. Shekarar da kika zauna a baya, da yamma nakan ji ƙarar ƙofar shinge, in san akwai mutum. Kika tafi, kika ce za ki zo lokacin bikin Ista. Da wasiƙar farko ta zo sai na ce, ga abin da zan miƙa mata in ta zo. Na sa a gwangwanin biskit na Ignazia, mai hoton jirgin ruwa. Ista ta wuce kina aiki. Na ce to, bikin albarkar jiragen kamun kifi, watan Satumba. Kika yi aure, kika haihu. Na taɓa rubuta miki cewa akwai 'yan kayanki a nan, ki zo ki ɗauka. Kika amsa cewa in rigar sanyi ce da tukunyar kofi in bai wa coci. Ban gyara miki ba. Na ji kunyar in ce takardu ne, domin da kin ce in aiko, shi ke nan ba sauran abin da zai kawo ki.

Na yi zaton talla ce, ko wani lissafi da zai iya jira. A'a, wannan ma ƙarya ce. Na ga jan layin.

Kin tambaye ni ranar biyu ga wata, na ce zan duba, alhali gwangwanin yana kan firiji ina kallonsa. Mutumin da kika ce ba za ki yafe wa ba, ni ne.

Ba na iya kallonsu kuma. Na zuba su duka uku a kwandon takardu mai murfi ruwan ɗorawa, motar kwasar shara za ta zo ranar Alhamis. Kin ce ba za ki sake rubutowa ba, na fahimta. Ba sai kin amsa ba.

Pantaleo

Adelaide, 17 ga Oktoba

Kawu Leo,

Sannu da gida. Ban ji daga gare ka ba tun wasiƙata mai zafi, ka yi haƙuri da bakina, gadon Nunzia ne. Pia ta warke, ta koma ɓarna.

Saurara da kyau. Matar da ke riƙe da ƙarata a ofishin koke-koke ta kira ni yau. Kamfanin ya amsa mata cewa na'urarsu ta nuna duk gargaɗin uku Adelaide aka aika, sabon adireshina, don haka sun bi ƙa'ida. Sai matar ta ce, “To yaya aka yi aka biya a Port Pirie da takardar da aka aika Adelaide?” Kawu, na kusa sumbatar wayar! Ta ce rasit shi kaɗai bai isa ba, za su ce ni na aika maka takardar. Amma in akwai ainihin wasiƙun, da adireshin gidanka a jiki, bayan ranar da na gaya musu na tashi, to sun saɓa ƙa'ida, dole su cire sunana.

Ban san dalilin da ya sa kake da takardar nan ba, kuma yanzu ba shi nake tambaya ba. Na san ka. Mutumin da yake ajiye da rasit ɗin keken da ya saya kafin a haifi babana ba ya yar da takarda. In akwai sauran, ka haɗa duka, har ambulan, kada ka buɗe wadda ba a buɗe ba. Beryl ta aiko min ta gaggawa. Saura kwana goma sha uku.

Taka,
Renata

Adelaide, Alhamis 19 ga Oktoba, ta gaggawa

Kawu,

Yanzu na dawo daga aiki na tarar da wasiƙarka. Yau ce Alhamis. Na kira ka sau goma sha ɗaya. Na kira Beryl, ba ta ɗauka. Na zauna a ƙasan kicin, Lachlan yana ta tambayata wa ya mutu.

Ba zan samu fita daga aiki ba sai Asabar. Ina zuwa. In motar ta kwashe, za mu bi ta har inda take zubarwa.

R.

Port Pirie, Juma'a 20 ga Oktoba

Jikata,

Wasiƙunki biyu sun zo tare yau. Na san za ki iso kafin wannan ta bar gari, don haka ba zan aika ba, zan sa ta a gwangwanin ki karanta a gida. In kina gabana ba zan iya faɗa ba, kuma in kika amsa ba zan ji ba.

Suna nan. Duka uku.

Ba hankalina ne ya cece su ba. Beryl ce take ja min kwanduna zuwa bakin titi duk mako, to ranar Talata ta tafi Kadina wajen 'yarta, ta manta wayarta a kan tebur, ina hango ta ta taga. Laraba da yamma na fita in ja da kaina. Na kama hannun kwandon, na karkato shi, na yi taku huɗu, sai gwiwa ta ce nan ne iyakarta. Na zauna a kan bencin Ignazia ina haki. Wani mutum ya wuce da karensa ya ɗaga min hannu. Da na ce masa, “Ɗan'uwa, taimaka min,” da ya ja shi cikin minti ɗaya. Girman kai ya hana ni. Jiya da safe na tsaya a taga ina kallon motar ta ɗaga na kowa ta wuce nawa, na ce a raina, ko shara ba ka iya fitarwa, Pantaleo.

Yau da na karanta taki ta ranar sha bakwai, na fita ba ko sanda. Kwandon ya fi hannuna zurfi. Na kwantar da shi a ƙasa, na jawo su da abin juya naman gashi. Ɗaya ta ɗan jiƙe a kusurwa da ruwan gwangwanin tumatir, amma adireshin yana fitowa sarai ta tagar ambulan: sunanki, lambar gidana. Biyu a rufe suke yadda suka zo.

Akwai wani abu kuma, ko zai yi amfani. A wurin aiki duk takardar da ta shigo sai na rubuta ranar da ta zo a kusurwar dama da fensir, in sa harufan sunana. Hannuna bai daina ba. Kowace ambulan tana da rana da wata da shekara, da P.S. a ƙasa.

Na sa wake a ruwa. Ban sani ba ko za ki tsaya cin abinci.

Kawunki

Port Pirie, 25 ga Oktoba

Jikata Renata,

Ina gaisuwa, ina fatan kin isa gida lafiya ranar Asabar. Awa biyu da rabi zuwa, awa biyu da rabi komawa, ga aiki washegari. Gwiwata ta kumbura tun daga kokawar kwandon, ma'aikaciyar jinya ta zo ta ɗaure. Beryl ta dawo, da ta ji labari ta ce, “Kai dai Leo, lalacinka ya fi ƙoƙarin wasu amfani. Daga yau na daina fitar maka da shara, wa ya san abin da ke ciki.”

Ina ta juya zuwanki a raina. Na duba agogo, minti hamsin kika yi, har da zuwa kemis. Kin shigo, kin ce “Ina suke?”, kin ɗauki hotonsu gaba da baya a kan tebur. Ba ki zauna ba. Da muka je wajen mai kemis, wanda doka ta ba izinin zama shaida, don ya shaida takardar rantsuwata, kin ce in rubuta ranakun kawai da cewa gidana suka zo. Na ƙara layi biyu na dalilin da ya sa na riƙe su. Shi mai kemis ya ce, “Mista Spadavecchia, ba a buƙatar wannan fa.” Na ce in zan rantse, a kan duka zan rantse. Na ga kin karanta ta bayan kafaɗata, kin juya kina duba man goge baki. Ban san abin da fuskarki take cewa ba.

Waken yana firiji. Na ci kwana uku, ya ishe ni.

Saura kwana biyar. Me matar ta ce? Ko jiƙewar ta ɓata ɗayar? Ko za su ce fensir ana iya rubuta shi jiya? In suna so, in aiko musu takardun ruwa da na haraji na shekarar, duka da irin rubutun a kusurwa, su gwada. Suna cikin akwatin takalmi, na riga na jera su.

Na sayi batir. Na sa na'urar tun ranar Lahadi, na matso da kujera kusa da waya. Sau biyu ta yi ƙara: ɗaya mai sayar da farantan hasken rana, ɗaya kuma ya yi kuskuren lamba. Na ɗan riƙe shi da hira.

Kawunki,
Pantaleo

Port Pirie, 31 ga Oktoba

Renata,

Gaisuwa. Jikina da sauƙi.

Jiya ce talatin ga wata. Mai kawo wasiƙu ya wuce bai tsaya ba, yau ma haka. Na ce wa Beryl ta kira ki, da ta ɗauki wayar kuma na ce ta ajiye.

In gidan ya tafi, ki faɗa min kai tsaye, na iya karɓar mummunan labari. Gidan nan nawa ba zai yi tsada kamar na birni ba, amma in na sayar zai yi miki wani abu. Akwai gidan tsofaffi a nan gari, na je na gani, ba laifi, suna da taga mai kallon teku. Ba don ki yafe min nake faɗa ba.

Pantaleo

Adelaide, 3 ga Nuwamba

Kawu Leo, tsohon akawu, sarkin taurin kai,

Muna lafiya. Ka ajiye maganar gidan tsofaffi, ka sha maganinka, ka zauna kafin ka karanta.

Sun cire.

Na yi shiru ne don ba ni da abin faɗa, kuma na ƙi in ba ka rabin labari ka je ka sake biyan wani abu. Ranar talatin ta zo ba amsa. Mista Huynh ya roƙi masu gidan su ƙara mana mako ɗaya, suka ce kwana biyar, ko awa ɗaya ba za su ƙara ba. Matar ofishin koke-koke ta buɗe ambulan biyun da kanta a gaban shaida. Ranakun da ke ciki sun zo daidai da fensirinka, kwana uku uku tsakanin rubutawa da isowa. Ta ce a shekarunta na aiki ba ta taɓa ganin shaida mai tsafta haka ba, wai wane ne P.S.? Na ce wani tsoho ne da ba ya iya fitar da shara. Laraba kamfanin ya rubuto cewa kuskurensu ne, sun janye sunana. Jiya banki ya amince. Za mu karɓi makulli 24 ga wata.

Yanzu maganarmu. Na ji haushinka, kuma ban gama ba. Wasiƙarka da na ɗauko daga gwangwanin na karanta ta a gefen hanya, na kasa tuƙi sai da na yi rabin awa. Amma ni ma na ce zan zo lokacin Ista, shekara huɗu ke nan. Da ba takardun nan ba, da har yau ban zo ba. Wannan nawa ne, ba kamfanin lantarki ne ya yi shi ba.

Za ka ga ƙaramar ambulan a cikin wannan, da sunana da adireshin gidanka. Tawa ce, kada ka buɗe, kada ka aiko. Ka ajiye min, zan zo in karɓa ranar Asabar, biyu ga Disamba, da Lachlan da Pia. Za mu kwana a gidan baya. In ranar ta zo ba ka gan ni ba, kada ka sa ta a gwangwani ka yi shiru. Ka ɗauki waya ka zage ni.

Ka sake jiƙa wake.

Taka,
Renata

Port Pirie, 7 ga Nuwamba

Jikata,

Ina gaishe ku duka. Gwiwa ta sace. Tumatir huɗun sun yi fure.

Na karanta a kan bencin Ignazia, ban kai cikin gida ba. Beryl ta leƙo ta kan shinge ta ce, “Wa ya mutu?” Na ce ba kowa. Ta ce, “To share fuskarka, kana tsorata min kyanwa.”

Ambulan ɗinki tana nan. Na ɗaga ta a hasken taga, ba don in karanta ba, don in ga ko akwai jan layi. Babu. Na rubuta ranar yau a kusurwar dama, na sa P.S. Ban sa ta a gwangwani ba. Tana kan tebur, jingine da wayar.

Mitar gidan baya da sunana take yanzu. Ku kunna duk abin da kuke so.

Kawunki,
Pantaleo Spadavecchia